Ruwan teku marar taki: me ya sa girman ƙwayoyinsa ba ya tsayawa wuri guda?

Sadiya_Marwa
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Tambaya ce kan ƙwayoyin da ke yawo a ruwan saman teku, musamman wuraren da babu taki sosai, irin tsakiyar Atlantika da Pasifik. Littattafai sun ce in ka zana yawan ƙwayoyi bisa girmansu a takardar logaritim, layin yakan sauko a miƙe, wato yawansu na raguwa yayin da girmansu ke ƙaruwa, kuma gangarensa, lambar da ke nuna saurin saukar, kusan 4 ne. To in haka ne, me zai hana mutum ya sa 4 a lissafi ya huta? Ruwan iri ɗaya ne, shuɗi tas, babu kogin da ke zuba masa laka. Daga ina bambancin zai fito?

Malam_Ngaundere
Wa alaikumus salam, Sadiya. A fara da me ke cikin ruwan tukuna. A irin waɗannan wurare kulorofil, wato koren da tsirrai ke kama hasken rana da shi, a sama yakan gaza miligiram 0.1 a mita kubik, takin nitirat kuwa sai da na'ura ta musamman ake gano shi. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ke cin kasuwa, domin fatar ƙwaya idan aka auna ta da cikinta tana tafiya ne da 6 a raba da faɗinta. Ƙwaya mai mikron 0.6 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) tana da fatar tsotson abinci ninki goma bisa mai mikron 6, gwargwadon jikinta. Shi ya sa Prochlorococcus, wata 'yar mitsitsiyar bakteriya mai kore, ke mulki a can. Faɗinsa kusan mikron 0.6 ne, yakan kai 100,000 a mililita ɗaya, kuma sai 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana shi ga duniya, tsabar ƙanƙanta. Sama da shi kaɗan akwai Synechococcus, wajen mikron 1. Ga kuma bakteriya marasa kore, su ma dubu ɗaruruwa a mililita.

Duk wannan taron jama'a yana zaune ne tsakanin mikron 0.2 da 2. Halittu ne masu girma takamaimai, kowanne iri da nasa. Saboda haka a wannan yanki layin ba ya miƙewa, tudu yake yi a inda irin da ya fi yawa yake. Lambar 4 ɗin matsakaici ne na dogon zango, ba dokar kowane ɗan taƙi ba.

MaiLissafi
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙanwata, bari ki ga abin da rabin lamba ke yi. Misali ne kawai na ƙirƙira. A ce ƙwayoyin da suka wuce mikron 1 sun kai 10,000 a mililita. In gangare 4 ne, waɗanda suka wuce mikron 10 za su zama 10 a mililita, waɗanda suka wuce mikron 100 kuma 10 a lita guda. In gangaren 3.5 ne, na sama da mikron 100 sun zama 100 a lita. In 4.5 ne, ɗaya tak a lita. Daga 3.5 zuwa 4.5 manyan ƙwayoyi sun canza ninki ɗari, alhali ƙananan suna nan yadda kika bar su. Wannan shi ne hatsarin sa 4 a huta.

ɗan_Lagdo
To manyan da ba su wuce goma a lita ba, wa ya damu da su?

MaiLissafi
@ɗan_Lagdo su ne masu nauyi ai. Faɗi ya ninka goma, ciki ya ninka dubu. Ma'anar gangare 4 ke nan ma: kowane mataki, daga 1 zuwa 10, daga 10 zuwa 100, jimillar cikinsu ɗaya ne. Masanin teku Sheldon da mutanensa suka nuna kusan haka a 1972. Shi kansa tsarin layin daga Christian Junge aka aro shi, kuma shi ƙurar iska ya yi wa, ba ruwa ba.

Injiniya_Garwa
Kafin a ɗora wa teku laifi, a tambayi rariyar da aka yi tankaɗe da ita. Babu na'ura ɗaya da ke ganin komai daga mikron 0.2 zuwa milimita. Kowace da ramin idonta.

Na'urar Coulter tana tsotsar ruwa ta wata 'yar huda da lantarki ke ratsawa. Duk ƙwayar da ta wuce sai ta tare hanyar lantarkin gwargwadon cikinta. Abin da take aunawa da kyau shi ne daga kashi 2 zuwa 60 cikin 100 na faɗin hudar. Huda mai mikron 30 za ta ba ki daga 0.6 zuwa 18, mai mikron 100 kuma daga 2 zuwa 60. Amma kada a yarda da ƙasan nan ido rufe, domin hayaniyar lantarki da girgizar injin jirgi suna shigowa kamar ƙananan ƙwayoyi. Dole a fara gudanar da ruwan tekun da aka tace a matata mai mikron 0.2, a ga nawa na'urar ke ƙirgawa a ruwan da babu komai, a cire. Huda mai 30 kuma toshewa take yi da zarar zare ɗaya ya shiga. In ta toshe rabi ba a lura ba, duk ƙwayoyin sai su fito sun fi girmansu.

Wata na'urar kuma, LISST, dabam take. Hasken leza take harbawa cikin ruwa tsawon santimita 5, zobba 32 su karɓi hasken da ya warwatse. Manya suna karkata haske kaɗan, ƙanana da yawa. Samfurin B yana daga mikron 1.25 zuwa 250, samfurin C daga 2.5 zuwa 500. An ƙera ta ne da ruwa mai laka a rai, irin na bakin kogi. A tsakiyar teku abin da ƙwayoyi ke warwatsarwa bai fi na dattin gilashin na'urar da yawa ba. Sawun yatsa ɗaya a gilashin ya isa ya sauya miki gangare. Masu aiki a can sukan maimaita aunin ruwan da aka tace kowace rana ko fiye, su tara ɗaruruwan karatu su ɗauki matsakaici.

Hajiya_Labo
In ƙara a kan na Injiniya. LISST ba yawan ƙwaya take bayarwa ba, ciki take bayarwa, mikrolita a lita, a rukunan girma 32, waɗanda ake kira akwati, da faɗinsu ke ƙaruwa. Sai kin raba kowane akwati da cikin ƙwallo mai wannan faɗi, sannan ki sake rabawa da faɗin akwatin. Wannan rabon na biyu shi ake yawan mantawa, sai gangaren da ya kamata ya fito 4 ya fito 3, mutum ya ɗauka ya gano sabon abu. A kuma zubar da akwatunan farko da na ƙarshe, biyu ko uku, saboda duk abin da ya fi ƙarfin na'urar, ƙarami ko babba, can yake taruwa.

Falmata_Njamena
Hajiya, ashe ba ni kaɗai ke ganin 3 da 4 suna musayar wuri a rubuce-rubuce ba. Wasu kuma jimilla suke zanawa, wato duk abin da ya wuce girma kaza, ita ma 3 take bayarwa. Kullum a duba abin da aka rubuta a gefen zanen.

Sadiya_Marwa
Na gode ƙwarai. To ke nan bambancin duk na na'ura ne?

Malam_Ngaundere
A'a. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai na gaskiya, kuma mafi tabbas a cikinsu shi ne na dare da rana. Da hantsi ƙananan halittun nan suke fara tara abinci, jikinsu na kumbura har la'asar. Prochlorococcus yana rabuwa biyu daga yamma zuwa cikin dare, kusan dukkansu a tare. Da asuba za ki tarar da su ƙanana, wasu kuma masu kiwo sun cinye su da dare. Na'urar da ke auna yadda haske ja mai nanomita 660 ke raguwa cikin ruwa tana nuna wannan ƙarara: ƙasa da asuba, sama da faɗuwar rana, kullum. Wanda ya ɗebi ruwa ƙarfe shida na safe a tasha ɗaya, ya ɗebi na tasha ta biyu ƙarfe biyar na yamma, ya ce wuraren sun bambanta, agogo ya auna ba wuri ba.

Na biyu zurfi. Kalmar "sama" ma sai an fayyace. Mita 5 dabam, mita 100 dabam. A waɗannan wurare kulorofil ya fi yawa ne a can ƙasa, mita 100 ko fiye, a kudancin Pasifik wajen tsibirin Ista ma har kusan 180. Amma yawan kulorofil a can ba lalle yawan ƙwayoyi ba ne, kowace ƙwaya ce ke ƙara kore saboda ƙarancin haske.

Na uku lokacin shekara. Tashar ALOHA, kusan kilomita 100 arewa da tsibirin Oahu a Hawai, ana aunawa tun 1988. An ga cewa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta abin da ke nutsewa ƙasa yana ƙaruwa sosai, kuma manyan dayatom, tsirran ruwa masu ƙwaya ɗaya da ɓawo kamar gilashi, ne ke kawo shi, irin su Hemiaulus da Rhizosolenia, masu ɗauke da bakteriyar Richelia a cikinsu tana kamo musu naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa. Ga ruwa marar taki, ga manyan ƙwayoyi sun yi takinsu da kansu. A wannan lokaci gangaren sai ya kwanta.

BabaTafki
Yarana, ku bar ni in sa baki da abin da ke kusa. Dihe, koren abincin nan da matan Kanem ke kwasa a tafkunan kanwa arewa maso gabashin Tafkin Chadi, shi ma ɗan'uwan wannan Prochloro ɗin naku ne, ko ba haka ba? Amma shi zare ne murɗaɗɗe da ke tsayawa a kan yashi ruwa ya tsiyaye, a busar a yanka. Me ya sa wannan ya girma wancan ya tsumbure?

Falmata_Njamena
Haka ne Baba, dangi ɗaya ne, duk sayanobakteriya, wato bakteriya masu haɗa abincinsu da hasken rana. Zaren dihe yakan kai mikron ɗaruruwa, shi ya sa ƙyalle ko yashi ke riƙe shi. Ruwan da yake ciki cike yake da abinci, ba ya bukatar tsumburewa don ya samu. Prochlorococcus kuwa ko takardar GF/F ta ɗakin gwaji, wadda raminta wajen mikron 0.7 ne, wasunsu na iya zamewa ta ciki. Babu ƙyallen da zai kama shi.

ɗan_Lagdo
Tunda an zo gida, ƙurar Bodele fa? Ni a ganina ita ce ke cika Atlantika da manyan ƙwayoyi lokacin hunturu. Duk wanda ya ga hazon Janairu a Kusiri ya san abin ba kaɗan ba ne.

Abakar_Faya
@ɗan_Lagdo rabin maganarka daidai. Bodele, wani kwari a arewacin Chadi, tana cikin manyan wuraren tashin ƙura a duniya. Iska ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta sauko kan busasshen gindin tsohon babban Tafkin Chadi, inda ƙasar farar ɓawon dayatom ce. Da hunturu ƙurar tana bi ta kan Tekun Gini ta nufi Kudancin Amurka, da damina kuwa ƙurar Sahara ta fi haurawa arewa ta nufi Karebiyan. Amma tsakin ƙurar a hanya yake zuba. Abin da ke yin nisa yawanci gari ne, ƙasa da mikron 20, ko da yake an sha kama ɗaiɗaiku da suka wuce mikron 75 can cikin teku, har yanzu ana ta ja-in-ja kan abin da ke riƙe su a sama.

In ta faɗa ruwa ma ba ta daɗewa. Ƙwayar yashi mai mikron 10 tana sauka wajen mita 7 a rana, mai mikron 1 kuma santimita 7. Babban aikin ƙurar ta wata hanya ne: tana kawo sinadarin ƙarfe. Trichodesmium, wani sayanobakteriya mai zare, na bukatar ƙarfe da yawa don kamo naitirojin, shi ya sa ya yawaita a Atlantika ta arewa kusa da ikwaita, inda ƙura ke zuba. Shi kuma dunƙulewa yake yi, curi mai milimita ɗaya ko fiye, ana gani da ido kamar dusa a kan ruwa. To ƙura takan ƙara manyan ƙwayoyi, amma ta hanyar ciyar da mai rai.

ɗan_Lagdo
Na karɓi gyara, Yaya Abakar.

MaiLissafi
Lissafin Abakar ya yi daidai da dokar Stokes ta nutsewar ƙwaya a ruwa, gudun nutsewa na tafiya da faɗi sau faɗi. A gwada da mai rai, wanda nauyinsa bai fi na ruwa da yawa ba, a ce ƙarin kilo 50 a mita kubik. Mai mikron 1 zai sauka milimita biyu da 'yan kai a rana, wato bai tafi ko'ina ba. Mai mikron 100 wajen mita 23 a rana. Duk maganar teku na binne kabon a ƙasa, a wutsiyar layin nan take, wato ɓangaren manyan ƙwayoyi, inda ƙirga ta fi rauni.

Hajiya_Labo
Kuma wutsiyar ita ake fara ɓatawa wajen ɗiba. Kwalbar ɗiban ruwan teku ta Niskin mai lita 10 ko 12 in ta hau jirgi aka bar ta tsaye rabin awa, manyan sun gangara ƙasa da bakin famfon, ba za su fito ba. Sai a ɗiba da wuri, ko a juya kwalbar a hankali, ko a zazzage duka ta ƙasa. Kar a girgiza, curin zai tarwatse ya koma ƙanana, gangare ya miƙe tsaye a banza. Haka famfon jirgi mai farfela yake niƙa su, ga kumfa da ke shigowa na'urar haske ta ɗauke ta a matsayin ƙwaya, ga gansakukar da ke tsirowa cikin bututu in ba a wanke ba.

Wajen tacewa kashi-kashi: a jera matata mai mikron 20, sai 2, sai 0.2. A bar na sama su sauka da nauyinsu, na ƙarshe kaɗai a ja da iska, kuma a hankali, in ba haka ba ƙwayoyin su fashe. Kada a cika wa matata ruwa, domin da ta fara toshewa ramin mikron 2 ya koma kama na mikron 1. Ruwan da za a kai wa na'urar ƙirga da leza, mililita 2 ya isa, a sa gulutaraldehaid, sinadarin hana ƙwayoyin lalacewa, ya zama kashi 0.25 cikin 100 ko ƙasa, a bar shi minti 10 zuwa 15 a duhu, a jefa cikin naitirojin mai ruwa, a ajiye a sanyin 80 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa, a manta da shi. Prochlorococcus na saman ruwa ma da ƙyar tsofaffin na'urori ke ganinsa, saboda korensa ya dushe da yawan rana.

Usman_Kusiri
Tambaya daga gefe. Dunƙulewar nan, shin irin ta alam ce ko garin 'ya'yan zogale da ake sa wa ruwan Logon a randa?

Falmata_Njamena
Kusa, Malam Usman, amma ba ɗaya ba. Alam yana kashe cajin da ke hana laka haɗuwa. A teku gishiri ya riga ya yi wannan aiki. Abin da ya rage shi ne su yi karo, su kuma manne. Mannewar wani yauƙi ne mai kamar na kuɓewa da halittun ke fitarwa, garai-garai, ba a ganinsa sai an rina shi da shuɗin Alcian. Karon kuwa shi ne matsala a ruwan da ƙwayoyi suka yi ƙaranci. Randar Logon cunkushe take, kowace ƙwaya na gogar 'yar'uwarta. A can sai a yi ta yawo ba a haɗu ba. Shi ya sa curin da ya wuce rabin milimita ke wuya a tsakiyar teku, yawancin manyan ma kashin ƙananan dabbobin ruwa ne ko gidajen yauƙin da suka yar.

Injiniya_Garwa
Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka ɗauka. Kuma a nan lissafin ƙirga ke shigowa: kuskure ɗaya ne bisa tushen abin da ka ƙirga. Ka ƙirga 100, kuskure kashi 10. Ka ƙirga 4, kashi 50. A misalin MaiLissafi na 10 a lita, sai ka duba lita 10 kafin ka samu ɗari. Coulter kuwa mililita kaɗan take sha. Don haka aka yi kyamarar UVP a Villefranche ta Faransa, ana zura ta da igiya, kowane hoto na ɗaukar wajen lita guda, tana ganin daga mikron 100 zuwa sama ba tare da ta taɓa curin ba. Tsakanin 10 da 150 kuma akwai Imaging FlowCytobot mai ɗaukar hoton kowace ƙwaya. Matsalar haɗa su: Coulter ciki take aunawa, kyamara inuwa, LISST kuma ta ɗauka kowa ƙwallo ne. Dayatom mai siffar allura zai fito da girma uku a na'ura uku. Inda zangonsu ya haɗu, sau da yawa layukan ba sa sumbatar juna, kuma bai kamata a ja ɗaya da ƙarfi don ya dace ba tare da an faɗa ba.

Wani abu da na manta kan LISST: a inda ruwan ɗumi ke haɗuwa da na sanyi, hasken lezar na lanƙwasa kamar yadda kwalta ke rawa da tsakar rana, sai zobban ciki su karanta manyan ƙwayoyin da babu su. Duk tudun da ya bayyana daidai wannan iyaka, a yi masa kallon tuhuma.

Sadiya_Marwa
Tauraron ɗan'adam fa? Na ga taswirar gangare ta duniya baki ɗaya, tsakiyar tekuna duk gangarensu ya fi girma.

Malam_Ngaundere
Taswirar ba ƙirga ba ce, hasashe ne daga launin hasken da ruwa ya mayar sama. Ƙanana sun fi mayar da shuɗi, sai a juya lissafin baya a fitar da gangare, bisa zaton cewa layin miƙaƙƙe ne kuma ƙwayoyin ƙwallaye ne masu ciki iri ɗaya. Kin ga an sa amsar a cikin tambayar. An daɗe ana cewa waɗanda ba su kai mikron 1 ba su ke mayar da mafi yawan hasken, daga baya da aka lissafa ƙwaya a matsayin mai ɓawo da ciki, sai rabo mai yawa ya koma kan na mikron 1 zuwa 10. Tauraron PACE da NASA ta harba a Fabrairun 2024 tana ganin launuka da yawa fiye da na baya, zai taimaka, amma ba ya maye gurbin kwalba.

Usman_Kusiri
Wanda ke Kiribi ko Limbe zai iya gwada wannan a ruwanmu?

Abakar_Faya
Zai iya gwada hanyar, amma ba irin ruwan ba ne. Kogunan Sanaga da Wuri suna zuba laka da taki a bakin tekun Kamaru. Wani ruwa mai irin wannan talauci shi ne gabashin Bahar Rum, wanda fosfat ya yi wa ƙaranci, kuma ƙurar Sahara na sauka a kansa kai tsaye.

MaiLissafi
Ni dai har yanzu ina ganin 4 na da amfani, in dai an rubuta zangon da aka auna, daga mikron kaza zuwa kaza, da na'urar, da sa'ar ɗiba. Gangare babu zango ba lamba ba ce.

Hajiya_Labo
Ni kuwa da za a bi tawa, a daina matse shi cikin lamba ɗaya. A ba da cikin kowane kashi, 0.2 zuwa 2, 2 zuwa 20, 20 zuwa 200, kowa ya ga inda tudun yake. Crocosphaera kaɗai, wata sayanobakteriya mai 'yan mikron, in ta yawaita da zafi takan ɗaga tudu a tsakiyar layin, gangaren kuma ya nuna kamar ba abin da ya faru.

MaiLissafi
Hajiya, kashi ukun ma ai yanka ne da wuƙa a inda masani Sieburth, da ya tsara rabon, ya ga dama a 1978. Mai mikron 1.9 da mai 2.1 me ya raba su?

Sadiya_Marwa
Malam_Ngaundere, in bayanan da ke hannun mutum babu sa'ar ɗiba sai kwanan wata da agogon duniya na UTC, ya halatta ya fitar da lokacin rana daga layin longitud, awa ɗaya kowane digiri 15, ko akwai abin da zai ɓace?